Tambayi Malam: "Ina buɗe littafin waƙa barci ke kwashe ni"

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya, yanzu ma a waya nake karanta su har caji ya ƙare. Na so in canza, sai na ari littafin rubutattun waƙoƙi wajen hedimastanmu, amma ko shafi biyu ba na yi barci ke kwashe ni. Tarihin rayuwar mutane kuwa ban san ta inda zan fara ba. Kai yaya kake naka karatun, kuma me zan nema? Albashin dai ka san shi. 'Yarka, daga ƙasar Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ina kyautata zaton da ido kika karanta waƙar nan, bakinki a rufe. To dole ki yi barci. Ni ma da haka na yi, da tuni na yi munshari.

Rubutacciyar waƙar Hausa don a rera aka yi ta. Dubi Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Makaho ne, bai taɓa ganin baitinsa a kan takarda ba. Shi yake tsarawa a ka, wasu su rubuta. Ni kaina ba a littafi na fara gamuwa da Imfiraji ba. Ina yaro na raka mahaifina kasuwar Gujungu ranar Lahadi, muka tarar da wani makaho zaune kusa da 'yan hatsi, ƙoƙo a gabansa, yana rerawa, ɗan jagoransa na amsawa. Mahaifina, mutumin da ko gaisuwa a tsaye yake yinta in ya shiga kasuwa, sai da ya sauke mangalar jakinsa ya tsaya. Da na girma na sayi littafin, muryar makahon nan nake ji a kowane layi.

Saboda haka ki sake ɗauko littafin hedimasta. Bayan la'asar, kafin a ɗora tukunyar dare, ki zaɓi waƙa ɗaya tak, ki ɗaga murya. In kin yi tuntuɓe a karin waƙar, ki maimaita baitin har ya zauna a bakinki. In kunya kike ji, ki kai ta aji. 'Yan aji biyar ba sa yi wa malama dariya in an ba su amshi. Ki fara da Mu'azu Haɗeja, ɗan ƙasarmu ne, kuma malamin makaranta ne kamarki. Hausarsa a miƙe take, faɗansa a kan giya da karuwanci da ƙin neman ilimi har yau bai tsufa ba. Daga nan sai Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, wanda ke wasa da harshe kamar mai juya waina. Sa'adu Zungur ki ajiye shi sai kin goge. Waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" cike take da Larabci da siyasar wancan zamani, in ba ki san mutumin ba rabin maganar zai wuce ki.

Nan ne tarihi yake shigowa. Ni ban taɓa zama na ce bari in karanta tarihin wani haka kawai ba. Waƙa ce ko labari ke tura ni neman mai shi. Malam Aminu Kano ya rubuta ɗan littafi a kan rayuwar Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. Siriri ne, zama biyu ya ishe ki, kuma da kin gama shi waƙar za ta buɗe miki.

Amma wanda na fi so ki nema, tunda ke mace ce mai zaman ƙauye, shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya, ba 'yar sarki ba, ba matar attajiri ba. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta kaf: aure-aurenta, ƙawayenta, yadda mahara ke kama mutane su sayar, yadda Turawa suka zo. An buga shi da Turanci a 1954, daga baya aka fitar da Hausar da ta faɗa da bakinta. Samunsa sai an sha wuya. Nawa na Turanci ne, wani abokin aiki ya ara shekarun baya, har yau muna gaisawa a wajen suna da jana'iza, shi bai ɗauko zancen ba, ni ma nauyin baki ya hana ni.

Littattafan soyayya kuwa kada ki bari a sa ki jin kunyarsu. Su suka koya wa dubban matan aure karatun boko a cikin ɗaki. Sai dai a cikinsu akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ki ga Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro wata, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Kin san Rabi, akwai ta a unguwarku. A cikin na da, kowa Magana Jari Ce zai ce miki, kuma ba su yi ƙarya ba, amma ni Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi tsaya mini a rai. Uwar nan da ta bi sahun ɗanta har ta ƙetare hamada, duk sanda na kai wurin sai na cire tabarau na goge.

Kin tambayi yadda nake karatu. Da damina kusan ba na yi. In na dawo daga gona ko wasiƙa ba na iya gamawa. Karatuna na rani ne, bayan an kai gero rumbu. Ina da adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, tun ranar da gara ta cinye mini rabin Ganɗoki a cikin kwali. Waƙa da la'asar a gindin darbejiya, labari bayan isha'i da fitilar sola, tarihi da hantsi lokacin da kai yake garau.

Batun kuɗi, in za ki shiga Kano ki leƙa masu tsofaffin littattafai a wajen Bata da Kurmi, ki yi ciniki kamar kina sayen atamfa. Ku haɗu ku huɗu a makarantarku, kowa ya sayi ɗaya ku riƙa musaya. Ki dai tanadi ƙaramin littafi na rubuta sunan wanda ya ara da ranar da ya ɗauka, abin da ni ban yi ba.