Mama ta ajiye maganin hawan jini, ta ce ta warke

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekarunta 62. Wata huɗu da suka wuce aka ɗora ta kan amlodipine miligiram 5, lokacin awonta 168/102. Da ya sauka zuwa 132/84 sai ta ajiye maganin, wai ta warke, kuma yana kumbura mata ƙafa. Yanzu zoɓo take sha. Ina mafita?
Daga wata mai karatu a Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Wannan 132/84 ɗin aikin maganin ne. Amlodipine yana sassauta jijiyoyi su buɗe, jini ya wuce ba matsi. Da an daina, cikin 'yan kwanaki ƙarfinsa zai bar jiki, jijiyoyin su sake tsukewa, awon ya koma gidan jiya. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne ba lallai ta ji komai ba. Mutum kan yi yawo lambar sama ta awonsa ta kai 170 babu ciwon kai babu jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Don haka a lallashe ta ta koma kansa, kullum a lokaci guda.

Kumburin idon sawu kuwa sananne ne ga wannan magani, ya fi fitowa da yamma. Ku koma wa likitanta, akwai wasu magungunan da zai iya sauya mata. Amma in kumburin ya zo da haki, musamman idan ta kwanta, to a duba zuciyarta a ranar.

Zoɓo ba laifi in ba a cika masa sukari ba, sai dai ba ya maye gurbin ƙwaya.

In kuna da na'urar awo a gida, ta fara yin fitsari, ta zauna minti 5 bayanta a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ta ci goro minti 30 kafin awon. A auna sau biyu, tazarar minti ɗaya, a rubuta a littafi.

Ki kuma leƙa tukunyar miyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da ake marmasawa a miya da kanwar da ake jefawa duk suna cikin lissafin. In tana ciwon gwiwa, a raba ta da diclofenac da ibuprofen na kemis, domin suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda.

Idan awo ya kai 180/120, ko bakinta ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi, a wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.