Amsar tambayar ƙanenmu kan tsibiran Marshal da Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ƙanena, na saurari saƙonka. Kana tambaya me ya sa duk lokacin da aka kaɗa ƙuri'a kan Falasɗinu a Majalisar Ɗinkin Duniya sai ka ga wasu ƙananan tsibirai na tekun Fasifik sun bi bayan Amurka, har ka ce ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, akwai gaskiya a maganarka, amma ba ta cika ba. Bari in ɗauki ƙasa ɗaya a cikinsu, tsibiran Marshal, ka ji yadda abin yake.

Ƙuri'ar da aka fi tunawa ita ce ta Disambar 2017, bayan Trump ya ce ya amince Birnin Ƙudus ne babban birnin Isra'ila. Ƙasashe 128 suka yi tir da matakin, tara kuma, har da Amurka da Isra'ila kansu, suka goyi bayansa. A cikin taran akwai Marshal, da Maikronesiya, da Palau, da Nauru, har da Togo ta nan kusa da mu. Wannan haka yake.

Amma ka san wace ce Marshal ɗin? Mutanenta duka kimanin 42,000 ne, a ƙidayar 2021. Ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta ninka su sau da yawa. Amurka ta ƙwace tsibiran daga hannun Japan a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, sannan a 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta damƙa mata su riƙon amana. Amana fa, ka ji ko? To daga 1946 zuwa 1958 Amurka ta gwada bama-baman nukiliya 67 a wurin, a Bikini da Enewetak. Mutanen Bikini, su 167, aka ce su tashi na ɗan lokaci. Aka kai su wani tsibiri mai suna Rongerik inda babu isasshen abinci, yunwa ta kusa gamawa da su, daga baya aka mayar da su Kili, wurin da ko jirgin ruwa da ƙyar yake iya tsayawa. Har yau jikokinsu ba su koma zama a Bikini ba.

Sai ranar 1 ga Maris 1954, ranar da aka tayar da bam ɗin da suka sa wa suna Bravo. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau dubu. Iska ta kwashi tokar ta kai tsibirin Rongelap, sama da kilomita 100 daga wurin. Farar toka ta yi ta zuba a kan mutane, a kan ruwan shansu, yara na wasa da ita don ba wanda ya gaya musu guba ce. Sai da aka yi wajen kwana biyu kafin a zo a kwashe su. Fatar jikinsu ta ƙone, gashi ya zube, daga baya ciwon daji na maƙoshi ya yawaita, mata suka yi ta ɓari. Likitocin Amurka kuwa suka buɗe wani shiri na nazarin abin da gubar ke yi wa jikin ɗan Adam, a kan waɗannan bayin Allah. A 1957 aka ce musu su koma gida, wai ƙasar ta yi lafiya. Da cuta ta ishe su, a 1985, jirgin ƙungiyar Greenpeace ne ya kwashe su, ba gwamnatin da ta ja musu ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

To yanzu mu zo kan kuɗin. A 1986 yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin Marshal da Amurka, wadda ake kira COFA, ta fara aiki, Marshal ta samu 'yanci, amma da sharuɗɗa. Tsaronta yana hannun Amurka. Amurka na da ikon hana sojan kowace ƙasa shigowa ruwan Marshal ko sararin samaniyarta. Ita kuma Amurka za ta riƙa ba da kuɗi duk shekara, kuma ɗan Marshal zai iya shiga Amurka ya zauna ya yi aiki ba tare da biza ba. Dalar Amurka ce ma kuɗinsu. A cikin wannan yarjejeniya aka ware dala miliyan 150 a matsayin diyyar gwajin nukiliya, aka rubuta cewa shi ke nan, an rufe magana. Kotun musamman da aka kafa don sauraron ƙorafin waɗanda abin ya shafa ta zauna ta yi lissafi, ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2. Kuɗin da ke asusun bai kai ko kusa ba, abin da aka biya ɗan kaɗan ne, da yawa sun mutu suna jira.

Shi ya sa ni kalmar tallafin nan ba ta kwanta mini ba. Mutum ne ya ƙone maka gona, ya kafa rumfarsa a sauran filin, sannan duk kaka ya aiko maka da buhun gero ya ce sadaka ce. Rumfar da nake nufi tana Kwajalein. Can Amurka ke da sansanin gwajin makamai masu linzami, ana harbo su tun daga Kalifoniya, dubban kilomitoci, su faɗo a ruwan wurin. Hayar sansanin ta kai har 2066, da damar ƙarawa zuwa 2086. Masu ƙasar da ma'aikatan da ke yi wa sansanin hidima suna cunkushe a Ebeye, ɗan tsibirin da bai kai rabin murabba'in kilomita ba, dubban mutane a kai. Da safe su hau jirgin ruwa su tafi aiki, da yamma a mayar da su.

Kada kuma in yi rashin adalci. Kuɗin na aiki. Da shi ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, in ya tsaya yau gwamnati ta durƙushe. Ƙofar da aka buɗe musu ma ta amfane su, dubbansu suna garin Springdale a jihar Arkansas, suna aiki a masana'antun sarrafa kaji, 'ya'yansu na karatu. Sai dai ko a nan an yi musu ba daidai ba: wata doka ta 1996 ta cire su daga tsarin kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, ba a mayar da su ba sai Disambar 2020. Mutanen da ke biyan haraji, 'ya'yansu na shiga sojan Amurka, kuma cutar da ke jikinsu an san inda ta fito.

Abin da ya ɗaga darajarsu a kwanan nan China ce. Marshal na cikin 'yan ƙasashen da suka rage suna hulɗa da Taiwan, tsibirin da China ke cewa nata ne, tun 1998. A 2019 tsibiran Solomon da Kiribati suka bar Taiwan suka koma China, a 2022 Solomon ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Beijin, sai hankalin Washington ya tashi. A Oktoban 2023 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya, dala biliyan 2.3 cikin shekara 20, Biden ya rattaba hannu a kan dokar a Maris 2024. Maganar nukiliya ce ta ja cinikin ya daɗe, 'yan Marshal suka nace a kai. An ware dala miliyan 700 a wani asusu da za su iya taimaka wa al'ummomin da abin ya shafa da shi, amma Amurka ta ƙi kiransa diyya, kuma har yau ba ta nemi afuwa a hukumance ba.

Kuma ƙanena, kada ka ɗauka su 'yan amshin Shata ne a komai. Tony deBrum, tsohon ministan harkokin wajensu, yana ɗan shekara tara ya ga hasken Bravo da idonsa. Shi ya jagoranci ƙarar da suka shigar a 2014 a kan ƙasashe tara masu makaman nukiliya, har da Amurka, saboda ƙin rage makaman. Kotun Duniya ta yi watsi da ƙarar a 2016, amma sun shigar. A taron sauyin yanayi na Faris a 2015 shi ne ya haɗa kan ƙasashen da suka matsa a sa digiri 1.5 a matsayin iyakar ɗumamar duniya cikin yarjejeniya, don ƙasarsu tsayinta bisa teku bai wuce mita biyu ba a galibin wurare. A tsibirin Runit akwai wani ƙaton murfin kankare da aka rufe gurɓatacciyar ƙasar gwajin da shi a ƙarshen shekarun 1970, ba a daɓe ƙasan ramin ba, kuma teku na ƙara hawa.

Ni ƙuri'arsu kan Ƙudus ba ta yi mini daɗi ba, kuma ba zan ce daidai ce ba. Akwai ma tasirin coci a ciki, don yawancinsu Kiristoci ne masu kallon Isra'ila ta fuskar addini. Amma in zan yi fushi, wanda ya riƙe musu albashi da tsaro da biza a hannu ɗaya shi zan fara tuhuma. Batun Togo kuwa dalilinsa daban ne, in kuna so sai mu ɗauke shi gobe in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.