Asmar ƙuruciya da tuƙin jirgin soja

Ƙanena, ka ce ka yi fama da asma kana yaro, yanzu ta lafa, kana son tuƙa jirgin soja. Likitocin soja za su tambaye ka yaushe rabonta da tashi, su sa ka hura na'ura don auna ƙarfin huhunka. In har ƙurar hunturun Damagaram tana sa ka laluben maganin shaƙa da dare, da wuya su ɗauke ka. Farfaɗiya ma tana hanawa, haka rashin bambance ja da kore.

Don Allah kada ka ɓoye musu komai, can sama iska ba ta da yawa. Tattaro tsofaffin takardunka, ka fara ganin likita a babban asibitin Zinder, amma yanke hukunci na likitocin soja ne.