Binciken Gani da Karkatar Hankali: Me Za A Karanta, Me Za A Fara Saya?

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, kuma burina in zama mai binciken yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa gani. An ce mini sai na karanta likitanci. Haka ne?

Amsa: Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Gaskiya ne David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1981 kan yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke amsa layuka da gefunan abubuwa, likitoci ne. Amma Michael Posner, wanda gwajinsa na 1980 ya zama ginshiƙin binciken karkatar hankali, daga fanninki ya fito. Abu biyu ne ke kayar da ɗalibai a wannan hanya: lissafin ƙididdiga da rubuta manhaja. Ki fara koyon Python, wato harshen rubuta manhaja, tun yanzu. Lokacin neman digiri na uku kuma, ki duba malamin da zai kula da ke fiye da sunan jami'a: ɗalibansa suna kammalawa? Suna wallafa aiki da sunansu a gaba?

Tambaya: Na samu ɗan tallafin bincike, ina so in maimaita gwajin Posner. In sayi na'urar bibiyar motsin ido ne, ko in fara da wani abu?

Amsa: Malam, ajiye maganar na'urar tukuna. Ga yadda gwajin yake: mutum ya kafa ido a kan alama a tsakiyar allo, sai wani akwati ya haskaka a dama ko a hagu, sannan ɗigo ya fito, ya danna maɓalli. Idan ɗigon ya fito inda aka haska, yakan fi saurin dannawa. Bambancin kuwa milisakan 'yan gomomi ne kacal (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), don haka duk kuɗinka ya tafi kan daidaiton lokaci.

Fara da allo. Mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar milisakan 16.7 kan kowane hoto. In ka umarce shi ya nuna abu na milisakan 40, ba zai iya ba, sai ya ba ka 33 ko 50, kuma ba zai faɗa maka ba. Nemi mai sau 120, sannan ka riƙa ƙayyade lokaci da adadin hotuna. Kada ka yi amfani da talabijin, domin yana gyara hoto kafin ya nuna shi, abin da ke jawo jinkiri. Allon maɓallai ma ya zama mai waya. Ka haɗa da ƙaramar na'urar auna haske da ake mannawa a kusurwar allo, ita ce za ta nuna maka ainihin lokacin da hoton ya bayyana.

Sai abin ɗora haɓa, ka kafa shi santimita 57 daga allo. A wannan nisan, santimita ɗaya a allo daidai take da digiri ɗaya na kusurwar gani. In mutum ya matso ko ya ja baya, girman abin da idonsa ke gani ya canza ke nan. Manhaja ba sai ka saya ba, PsychoPy kyauta ce.

Ka kula sosai da tazarar da ke tsakanin haskawa da fitowar ɗigo. A milisakan 100, haskawar tana taimako. In ta haura kusan 300, lamarin yakan juye, mutum ya fi jinkirin dannawa a wurin da aka haska, kamar yadda Posner da Yoav Cohen suka nuna a 1984. Masu farawa da yawa kan zaci kayansu ne suka lalace. Gajeriyar tazara tana da wani amfanin: ido na buƙatar kusan milisakan 200 kafin ya zabura, wato ya yi tsalle zuwa wani wuri, saboda haka a ƙasa da wannan hankali ne ya motsa, ba ido ba. Shi ya sa za ka iya jinkirta sayen na'urar.

Tambaya: Kyamarar kwamfuta za ta iya maye gurbin na'urar bibiyar ido?

Amsa: In dama da hagu kawai kake son bambancewa, za ta yi. Auna zaburar ido kam, a'a. Yawancin kyamarorin hoto 30 suke ɗauka a sakan, alhali zaburar takan ƙare cikin milisakan 'yan gomomi. Na'urar bibiyar ido mai suna EyeLink 1000 kuwa sau 1,000 take aunawa a sakan. Tana da tsada ƙwarai, gara ka nemi aron lokaci a ɗakin binciken da ke da ita. Ka saita ta da ɗigo 9 ga kowane mutum, ka kuma roƙe su su zo ba kwalli, domin baƙinsa yakan sa na'urar ta ɗauke shi a matsayin ƙwayar ido.