Wuƙar aljihu mai kayan aiki da yawa, ta cancanci kuɗinta?

Malam, ka tambaya ko wuƙar nan mai haɗe da almakashi, sukundireba da mabuɗin gwangwani ta cancanci kuɗinta. Wallahi ta cancanta. Shekara 6 ke nan tawa ba ta barin aljihuna. Victorinox ce, ta kamfanin da Karl Elsener ya kafa a Suwizalan a 1884. Da ita nake ɗaure sukurun babur, in fere mangwaro, har ƙaya na taɓa cirewa da ɗan hantsakinta a hanyar Wamakko. In gyare-gyare ne sana'arka, Leatherman ta Amurka ta fi, saboda filayarta.

Sai dai jabu ta yi yawa. Buɗe ta ka rufe, in tana lilo, bar ta. Kada ka ɓanɓare abu da tsininta, karyewa yake yi. Ƙurar hunturun Sakkwato kuma tana cushe mahaɗarta, ka riƙa gogewa kana ɗiga man keken ɗinki.

In ta dakushe, kai wa ƙwararre a Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, ya wasa a hankali. Ranar hawa jirgi, sa ta a jakar awo, a ta hannu ƙwacewa ake yi.