Tambaya da Amsa: Kayan Ɗaki Masu Farin Fenti

Tambayoyin wannan fitowar a kan farin gado da farar wadirob suke. Kafintoci da masu aikin feshi ne suka amsa.

Daga wata uwa a Zariya: Za mu aurar da 'yarmu, tana son gado da wadirob da madubi farare sol. Kafinta ya ce in zaɓa tsakanin madaci da MDF (allon da ake yi da garin katako da aka matse da gam). Wanne ya fi, kuma yaushe zan ba da aikin?

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Madaci katako ne na a shafa masa banis a ga kyansa, idan za a rufe shi da fari an yi asarar kuɗinsa. Ban da haka, jan da ke jikinsa yakan ratso fenti ya fito dabbare-dabbare, musamman idan fentin ruwa aka shafa kai tsaye, ga ƙananan ramuka a fuskarsa da sai an cike su. Shawararmu a haɗa: ƙafafu da firam ɗin gado da duk inda nauyi zai hau a yi su da busasshiyar malaina, a shafa mata maganin gara. Ƙofofi da allon kan gado a yi da MDF mai kaurin milimita 18, domin fuskarsa sumul take, tana karɓar fenti. Kantocin cikin wadirob kuwa filawud ya fi, don MDF na lanƙwasawa idan tsawonsa ya wuce santimita 80 babu tokari. Kada kuma MDF ya taɓa ƙasa. A ɗora wadirob a kan ƙafafu masu tsayin santimita 8 zuwa 10, saboda ruwan goge-goge na shiga gindinsa ya kumbura, kuma ba ya komawa.

Ki ba da aiki aƙalla mako shida kafin ranar jere. Fenti kan bushe a taɓa shi cikin awanni, amma ba ya yin ƙwari sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Kayan da aka fesa jiya aka naɗe a leda yau, shatin ledar da na igiya za su zauna a jikinsu.

Daga wani kafinta a Maraɗi: Na yi teburi da damina, fenti ya fita lafiya. Hunturu na shigowa sai duk mahaɗar ta tsage. Laifin fentin ne?

Malam, laifin katakon ne. Yawancin falankin da ke shigowa kasuwanninmu, irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga kudu ake kawo shi da ɗanyensa. Iskar hunturu na zuƙe ruwan, falanki ya tsuke ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Shi ya sa tsagar ke fitowa daidai inda katako biyu suka haɗu a gicciye, farin fenti kuma ba ya rufa asiri, baƙin layi ko siriri ne sai an gan shi. Ka jera falanki a inuwa, ka sa sanduna masu kaurin santimita 2 tsakanin kowane biyu, tazarar rabin mita, ka ɗora nauyi a sama. Idan kana da na'urar auna danshi, kada ka yanka sai ta nuna ƙasa da kashi 12 cikin 100. Teburin da ya riga ya tsage, bar shi hunturu ya gama da shi tukuna, sannan ka buɗe tsagar, ka cike, ka goge, ka sake fenti. Wanda ya cike tun katako na tafiya, aikin baban giwa ya yi.

Daga wani ɗan koyo a Kaduna: Ina son matakan fesa farin fenti a MDF, da yawan kayan da wadirob mai ƙafa 6 a faɗi da 7 a tsayi za ta ci. Gefen allon kullum kaushi yake fito mini.

Ɗan'uwa, gefen da zarto ya yanka shi ne inda aikin yake. Yana shan fenti kamar soso, zaren cikinsa ya miƙe. Ka goge shi da samfefa mai lamba 180, ka shafa masa gam ɗin katako da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ko foti (ƙullun cike ramuka) siriri da wuƙar shafi. Ya kwana, ka goge da 240. Ka ɗan kashe kaifin kusurwa, domin fenti ba ya zama a kan kaifi, daga nan yake fara ɓarewa. Fuskar allon ba ta son samfefa mai kaushi. 240 a hankali ya isa, idan ka cinye santsinta sai ta koma irin gefen.

Ka nutsar da kan kowace ƙusa da sukuru, ka cike ramin sau biyu don foti na shanyewa. Ka cire hinji da mariƙi, ka kwantar da ƙofofi a kan benci. Firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, shafi biyu, ka goge da 320 bayan kowanne, ka share ƙura da tsumma mara gashi. Kafin ka taɓa fentin ƙarshe, haska fitila daga gefe: duk kwarin da ka gani yanzu zai fi fitowa bayan an fesa mai sheƙi.

Wajen feshi, bakin bindigar feshi ya yi nisan santimita 15 zuwa 20 daga allo, kowane layi ya hau rabin na baya. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Idan fenti ya yi hawaye, ka matso da yawa ko hannunka ya yi nawa. Idan ya yi gurji-gurji, ya yi kauri ko ka yi nisa, sai ka ƙara tina (ruwan tsinka fenti) daidai da abin da aka rubuta a gwangwani. Idan ƙananan ramuka suka ɓullo, ruwa ko mai ne daga kwamfuresa, injin da ke ba bindigar iska; ka riƙa buɗe magudanar tankin kowace safiya. Ka fesa gaba da bayan kowace ƙofa, in ba haka ba gefe ɗaya zai sha danshi ta karkace.

Gaba da gefe biyu da bayan ƙofofi sun kai wajen murabba'in mita 10. Lita ɗaya na rufe kusan haka a shafi ɗaya da buroshi, feshi kuwa na ɓarnatar da wani kaso a iska. Ka tanadi lita 3 na firaima da galan ɗaya mai lita 4 na fari. Ka yayyafa ruwa a ƙasan shago don ƙura ta kwanta, kuma ka sa abin rufe hanci mai matatar sinadari. Takunkumin kyalle ba ya tare tururin tina.

Daga wata matar aure a Katsina: Wadirob ɗina ta koma ruwan ɗorawa, cikinta ma ya fi wajen. Me ya jawo?

Fentin mai ne, kuma halinsa ke nan: yana rinewa da tsufa, ya fi saurin yi a inda haske ba ya shiga. Hayaƙin turaren wuta na ƙara nasa, amma shi wannan yana fita da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan. Rinin fentin ba ya wankuwa. Sai an goge da 240, an sa firaima, an sake da fentin ruwa na akirilik wanda aka yi don katako, ba na bango ba. Ki hana mai aikin ya fesa fentin mota kai tsaye a kan tsohon, tinarsa na narkar da fentin mai ya yamutse.

Daga wani magidanci a Kumasi: Gadon jariri fa?

Fentin ruwa, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma, don yara na gaigayar katako idan haƙori ya fara fitowa. Tazarar sandunan gefe kada ta wuce santimita 6. A bar gadon wata guda a wuri mai iska kafin a kwantar da yaro.