Wane littafin D&D ne zan iya ɗebo kogo daga cikinsa?

Ɗan'uwa, ka ce duniyarka da labarinka na wasan tebur na jarumai da dodanni mai suna Dungeons & Dragons kai ka ƙirƙiro su, kogwannin ƙarƙashin ƙasa kawai kake nema ka dasa a ciki. To fara da Tales from the Yawning Portal na 2017. Tsofaffin wasanni bakwai ne aka gyara don bugu na biyar na dokokin wasan, kowanne zaman kansa yake yi.

The Sunless Citadel, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, na jarumai masu mataki na 1 zuwa 3 ne, kuma ina matuƙar son sa. Kobold da goblin, wasu ƙananan dodanni iri biyu, ba sa ga maciji a cikin kangon, don haka 'yan wasa na iya ƙulla yarjejeniya da ɓangare ɗaya maimakon sara da suka. Cire sunan ƙauyen Oakhurst ka sa na ƙasarka, shi ke nan. Daga nan The Forge of Fury, shi ma a cikin littafin, ya kai su mataki na 5.

Littafin Curse of Strahd kuwa, duk kyansa, kada ka saya don wannan aikin. Fadar Ravenloft da ke cikinsa a ɗaure take da Strahd, mugun labarin, da ƙasarsa Barovia, in ka ciro ta ɗakuna da yawa za su rasa dalili. Tomb of Horrors ma, duk da yana cikin bakwai ɗin, ka dakata tukuna, tarkunansa nan take suke kashe jarumin da mutum ya daɗe yana reno.